Yadda Tambayata Ta Riga Ni Zuwa Gidansu

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. Masu turo mini saƙo ta bayan fage suna ba ni haƙuri, na gode, haƙurin ya iso lafiya. Masu cewa in rabu da shi in nemi mai mota, ku ma na gode, in kun samu mai motar ku fara riƙewa, na ga alamar ku ma kuna buƙata. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, bari in taƙaita masa, kada ya cika mini ƙasan rubutu da "wai waye Mai Jaka?"

Ni aikina rubuta shafukan intanet. Kamfaninmu ƙarami ne, a hawa na uku na wani bene da lif ɗinsa, na'urar hawa da mutane sama, ya mutu tun kafin a ɗauke ni aiki, muna gina wa 'yan kasuwa shagunan da ake sayayya ta waya. Umma na kiran aikin nawa danne-danne. Abba ba ya kiransa komai, amma in baƙi suka tambaye ni yakan ce, "Tana ofis," da wata irin murya mai nauyi, ko da kuwa ina ɗaki ina barci.

Mai Jaka shi ne wanda nake so. Sana'armu ɗaya, sai dai shi a ɗakinsa yake yin tasa, yau wani ya ba shi aiki, gobe shiru, jibi a ce masa an fasa. Gwaggo ce ta raɗa masa sunan, don tun da ya fara zuwa gidanmu ba wanda ya taɓa ganin bayansa. Da jakar kwamfuta yake sallama, da ita yake durƙusawa gaban Abba, da ita yake zama a bakin kujerar falo, sai ka rantse wani ne zai ƙwace. Dogo ne siriri, maganarsa kamar sayar masa da ita ake yi. Rigarsa kullum a goge, takalminsa kuma kullum shi ne dai wannan baƙin.

Abba bai ƙi shi ba. Da ƙin sa ya yi ma da na san abin yi, in rufe ɗaki in daina cin abinci kamar kowa. Abin da ya ce shi ne, "Yaron yana da hankali, ban ga aibunsa ba. Ranar da ya samu wurin da zai tashi da safe ya tafi, wanda in bai je ba, za a neme shi, ya turo mini manyansa." Yana faɗa yana ninke jarida, kuma duk wanda ya san Abba ya san in ya ninke jarida an rufe magana. Tun daga nan muke zaman jira. Ƙawayena sun yi aure, wasunsu har sun fara ba ni shawara a kan yaye. Umma kuwa ta tsiri ambaton ɗan wata ƙawarta mai kantin magani, wai ba don komai ba, don dai in san yana nan.

Ana cikin haka ofishinmu ya buɗe gurbi. Kujera ɗaya ce, mai ita ya tafi. Mai Jaka ya nema bai gaya mini ba, sai ganin sunansa na yi cikin waɗanda aka kira ganawa. Masu ganawar kuma mu uku ne. Akwai Manaja, wata mata mai gilashi da ba ta dariya sai an miƙa aiki. Akwai Tsoho, wanda ko arba'in bai kai ba, muna ce masa haka ne saboda har yau da PHP, wani tsohon yaren kwamfuta, yake rubutu, kuma yana kare ta kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sai ni.

Na san abin da ya kamata in yi, ku ma kun sani, ba sai kun rubuto ba. In je in ce, "Manaja, na san wannan, a cire ni." Har ƙofar ofishinta na je. Na tsaya, na gyara mayafi, ta ɗago kai, na tambaye ta ko tana da cajar waya. Ta ba ni, na dawo da caja a hannu ga tawa a jaka. Na gaya wa kaina ai ni mai adalci ce, tambayar da nake yi wa kowa ita zan yi masa, in ya ci ya ci.

Tambayar tawa guda ɗaya ce, duk wanda aka ɗauka a bayana ya sha ta. Abin da kwamfuta ke karɓa daga hannun mutane yawanci dogon layin rubutu ne, a ce lemo,ayaba,gwanda,kankana, duk a manne, waƙafi ne kawai a tsakani. Aikinka shi ne ka sa ta yanka layin a kan kowane waƙafi, ta mayar da shi jeri, kowane abu a gurbinsa. Duk yarukan da muke rubutu da su suna da wuƙar yin haka, ɗan koyo ma ya iya riƙe ta. Inda ake raba gari shi ne in ka ce wa wuƙar "biyu", don kowane yare da yadda yake jin biyun nan. Ba don mugunta nake tambaya ba. Mutumin da ya bar mana kujerar nan, shi ya taɓa kwashe wani aiki daga PHP ya mayar JavaScript da zaton duk kanwar ja ce, aka wayi gari adireshin masu sayayya duk sun guntule. Wadda ta rubuta lambar gida, layi, bayan asibiti, kusa da mai wanki, sai lambar gida da layi suka rage mata. Masu kai kaya a babur suka wuni suna zagaya unguwanni da tukwanen mutane.

Labarin ganawar ya riga ni isa gida, ashe mahaifiyar Mai Jaka da Umma sun daɗe da musayar lamba a bayan idonmu. Ina cire takalmi a bakin ƙofa Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"An ce ke ce mai yi masa tambaya."

"Ni da wasu, Umma."

"To alhamdu lillahi. Sai ki tambaye shi abin da ya sani."

"Ba haka ake yi ba."

"Yaya ake yi? Ana tambayar mutum abin da bai sani ba ne? Wannan ai neman rigima ne."

"Umma, amana aka ba ni."

"Ni ma amanar aka ba ni, ga ki nan kina cire mini takalmi a ƙofa shekara da shekaru."

Ta koma kicin. Daga can ta ɗago murya ta sanar da ni cewa mai kantin magani ya sake fenti.

Na shige ɗaki na kwanta da kayan ofis a jikina, na jawo waya na rubuta wa Mai Jaka: Na ga sunanka.

Ya amso: Na san za ki gani.

Ka shirya?

Ina karatu.

Me kake karantawa?

Komai.

Komai ai ya yi yawa. Akwai wuraren da suka fi...

Haka na tura, da ɗigon nan guda uku, mata kun san aikinsu. Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga saƙo: Don Allah kada ki gaya mini komai. In na shiga ta ɓarauniyar hanya, duk ranar da na gaishe da Abba sai na tuna.

Na tura masa hoton zuciya. A raina kuwa cewa na yi, kowa addu'ar samun mai gaskiya yake yi, ba wanda ke gaya maka wahalar da ke cikin hulɗa da shi.

Yanzu mu zo kan Gwaggo. Ƙanwar Abba ce, tela, ɗakinta na can ƙuryar gida nan ne shagonta. Keke biyu, na ƙafa da na wuta, madubi mai tsaga a kusurwa, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, da rediyon da ba a kashewa kuma ba a saurara. Mutuniyar kirki ce, ita ta ɗinka mini kayan makaranta tun ina firamare. Aibunta ɗaya, magana ba ta kwana a cikinta. In kana so unguwa ta ji abu, kada ka wahalar da kanka, je ka ce wa Gwaggo, "Tsakanina da ke."

Ranar hutu da hantsi ta aiko in zo gwajin riga. Doguwa ce ruwan toka mai ɗan aiki a bakin hannu, na ba ta ɗinkin tun kafin wannan magana ta taso, ta yi ta yi mini gobe-gobe, sai ranar ta tuna da ita. Na saka na tsaya gaban madubi, ta durƙusa tana kama ƙasan da allurai, wasu a bakinta. Wayarta na kan keken wuta dab da ni, a kife. Gwaggo ba ta kife waya. Ko wanka za ta shiga, fuskar wayarta sama take kallo, kada wani ya mutu ba ta ji ba. Na gani, jama'a, da idona na gani.

"Wai ni 'yar nan," ta ce ta gefen baki, "me kuke tambayar mutane ne a wurin nan naku? Ni dai don in ƙaru."

"Ba za ki gane ba, Gwaggo."

"Haka ne. Mu da ba mu yi boko ba." Ta soka allura. "Juya."

Na juya. Aka yi shiru, rediyo na ta bayanin yanayin gari. Da na ci gaba da shirun nan da yanzu ba ku da abin karantawa. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Kamar dai ki ba teloli huɗu yadi ne."

"Ina jin ki."

"Dogon yadi, an yi masa alama da alli wuri-wuri. Ki ce wa kowannensu, biyu."

"Biyu me?"

"To ai nan tambayar take. Na farko, sunansa JavaScript, zai yanko miki ƙyalle biyu daga farkon yadin ya miƙo miki, sauran ya zuba a shara."

Gwaggo ta zare alluran bakinta. "Yadin mutane?"

"Yadin mutane."

"Bai ce komai ba?"

"Ko uffan."

"Wannan ɓarawo ne. Na biyu fa?"

"Na biyu PHP. Shi sau ɗaya zai sa almakashi, a alamar farko. Ga ƙaramin ƙyalle, ga sauran yadin a dunƙule, biyu ke nan, bai zubar da komai ba. Na uku, Ruby, shi ma haka zai yi."

"Masu tsoron Allah. Na huɗun?"

"Python. Shi in kin ce biyu ba ƙyalle yake ƙirgawa ba, sa almakashi yake ƙirgawa. Ya yanka sau biyu, ya miƙo miki uku."

"Ka ji mai taurin kai, irin yaran da nake koya wa ɗinki." Ta mayar da allura baki. "Sake faɗo mini sunayen a hankali, kunnena ya fara nauyi."

Kunnen Gwaggo yana jin buɗe tukunya daga gida na uku. Na sake faɗa mata a hankali, har da ɗan karkatawa wajen keken wuta don murya ta fita sosai. Da na gama na ce, "Gwaggo, tsakanina da ke fa."

"Haba 'yar nan, wa zan gaya wa?"

Na koma ɗaki da rigar a hannu ina gaya wa kaina ban yi komai ba. Hira na yi da gwaggona, akwai dokar da ta hana mutum hira da gwaggonsa? Da yamma Umma ta zuba mini abinci da nama har uku, kuma ba ta ambaci mai kantin magani ba. Abba ya dube ni ta saman jarida ya ce na rame, in riƙa hutawa. Gidan ya yi daɗi, ni kaɗai ce na tashi na bar abincina a kwano.

Mai Jaka kuwa ya ɗauke wuta. In ce barka da safiya, ya ce yauwa. In ce lafiya dai, ya ce lafiya. Ranar da ya saba zuwa na yi kwalliya, na fesa turare, na jera kofuna a tire, sai ga saƙo wai yana da karatu. Na cire ɗankunne na shanye lemon ni kaɗai.

Ranar ganawa na saka rigar ruwan toka da baƙin mayafi da takalmi marar tsini, saboda matakala. Ɗakin ganawarmu bangonsa ɗaya gilashi ne, dogon tebur a tsakiya, farin allo a gefe, sai na'urar sanyi da ke ɗiga cikin bokiti. Na farkon da ya shigo da kwat ya zo, da na yi masa tambayar ya yi murmushi ya ce ai duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Tsoho ya rubuta wani abu a takarda ya ja masa layi biyu. Ta biyu wata yarinya ce mai ƙaramar murya, amma ta kawo uku daidai, Python ce kawai ta kayar da ita. Na yi mata murmushin yaƙe, don yarinyar ta iya.

Sai aka kira Mai Jaka. Farar riga, baƙin wando, jaka a baya. Ya gaishe da Manaja, ya gaishe da Tsoho, ya ce mini "ina kwana" irin wadda ake yi wa matar da aka tarar a layin asibiti. Tsoho ya yi masa nasa tambayoyin, ya amsa a nutse, har Tsoho ya gyaɗa kai, abin da ba ya yi wa kowa sai mai kawo shayi. Manaja ta dube ni ta ce, "Bismillah, saura taki."

Na tashi na ɗauki alƙalamin allo. Na rubuta lemo,ayaba,gwanda,kankana. Na rubuta biyu a gefe, na jera sunayen yarukan huɗu a ƙasa. Na ce, "Kowannensu an ce masa ya yanka a kan waƙafi, an ba shi biyu. Me zai dawo da shi?"

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juya, ba wajena ba, wajen Manaja.

"Ranki ya daɗe, kafin in ce komai. Wannan tambayar ta zo mini kafin yau, har da amsarta. Na saurara ban san ko mece ce ba, kafin in gane na riga na ji. In na amsa yanzu, ba ni na amsa ba."

Tsoho ya ajiye biro. Manaja ta cire gilashi, kuma tun da nake a ofishin nan ban taɓa ganin ta cire shi an wanye lafiya ba.

"Daga wa?"

"Ina neman alfarma kada in faɗa."

"Ba a alfarma a nan. Duk wanda ya san tambayar nan a ofishin nan yake. So nake in san wanda zan daina yarda da shi."

Ya sunkuyar da kai. Ta dubi Tsoho. Tsoho ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni ko amsar JavaScript ɗin ba na riƙewa, ƙyamarta nake yi."

Ni ba ta ko dube ni ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ni ce ba ta zarga. Ta rufe takardun Mai Jaka ta ce masa, "To mun gode da zuwa." Ya miƙe ya fara saɓa jaka.

Ina tsaye da alƙalami a hannu, kuma wallahi na san in na yi shiru shi ke nan, magana ta mutu. Mutumin nan ko wuƙa aka sa masa ba zai ambaci sunana ba. Zai sauka benen nan ya koma ɗakinsa, ni in ci gaba da zama mai adalci. Har ya kama hannun ƙofa.

"Ni ce," na ce.

Manaja ta juyo. "Ke ce me?"

"Daga wurina ta fita. Ta hannun gwaggona."

"Gwaggon taki shafuka take rubutawa?"

"Tela ce."

Tsoho ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba. Manaja ta dube ni, ta dubi Mai Jaka, ta sake dubana. "Mene ne tsakaninku?"

Na nemi kalmar da ake faɗa a ofis na rasa. Na ce, "Abbana ne ya ce sai ya samu aiki."

Ba ta nemi ƙarin bayani ba, mace ce, tana da uba ita ma. Ta mayar da gilashinta ta ce, "Ajiye alƙalamin ki fita. Kai kuma sauke jakar."

Na tsaya a baranda ina kallonsu ta gilashi kamar kurma. Manaja ta goge 'ya'yan itatuwana daga allon da kanta, ta zana alamar buɗe zance da ta rufewa, babu komai a tsakaninsu. Na gane tambayar, layin da babu ko harafi ɗaya a ciki, in aka yanka shi me zai fito. JavaScript da PHP da Python za su ba ka jeri mai gurbi ɗaya, gurbin kuma fanko. Ruby kuwa ko gurbin ba za ta ba ka ba. Na ga Mai Jaka ya yi magana, ya nuna uku da biro, ya tsaya a na huɗu ya girgiza kai. Sai ya buɗe kwamfutarsa ya danna wani abu, ya juya musu fuskarta. Daga baya Tsoho ya gaya mini wai Mai Jaka cewa ya yi bai san ta Ruby ba, a bar shi ya gwada maimakon ya yi canke. Bayan nan suka ɗora masa wani aikinmu na gaske da ya lalace, suka zuba masa ido.

Abin ya ja lokaci. Na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa, na je teburina na zauna. Ga ɗan furen roba da na manna a jikin allon kwamfuta, ga kofina mai guntun hannu, ga rigar sanyin da ke rataye a kujera tun bara. A buɗe kuma ga shagon wata mai sayar da takalma da na gina tun daga tushe, saura kaɗan ya fara aiki, matar har addu'a take turo mini da murya. A wannan kujerar na fara jin ni ma wani abu ce, ba 'yar wane ko ƙanwar wance ba. Tsoro ya kama ni sosai, na ƙanƙame kofin kamar za a zo a karɓa.

Can Manaja ta leƙo ta yafito ni. Ba ta ce mu zauna ba.

"Ba zan ja magana ba. Cikin waɗanda muka gani, shi ya fi, Tsoho ma ya yarda. Ke kuma kin san abin da kika yi, ba sai na karanta miki ba. Da kin zo kin ce mini kin san shi, da yanzu murna nake taya ku. Amma in na ajiye ku tare bayan wannan, kowa a ofishin nan zai ce haka ake shigowa, yarinyar da ta shiga kafinsa ma tana da bakin magana. Ɗayanku zan iya riƙewa. Ba kuma ni zan zaɓa ba. Tunda kun iya shirya abu a gida, ku je ku shirya wannan. Ranar Litinin wanda zai zo ya zo."

Muka fito. Yana gaba ina baya a matakala. A kwanar hawa na biyu, wajen tagar da ke kallon masu gyaran taya, ya tsaya.

"Gwaggo ta tura wa Mama," ya ce. "Mama ta kunna mini a falo, wai wa'azi ne in saurara. Sai na ji muryarki, da rediyo, da Gwaggo tana cewa sake faɗo mini sunayen."

"Ka yi haƙuri."

"Na roƙe ki kada ki gaya mini."

"Ai ban gaya maka ba."

Ya dube ni. Na dubi masu gyaran taya.

"To me ya hana ka amsawa kawai?" na ce. "Wa zai sani?"

"Na yi niyya. Da niyyar na hau benen nan. Da na ga kin rubuta kankana sai na kasa."

Na san abin da za a ce a gida tun kafin in je. Umma za ta ce to mene ne abin damuwa, ki bar masa mana, ba abin da ake nema ke nan ba? Gwaggo za ta fara auna ni. Abba zai samu surukin da in bai je aiki ba, za a neme shi. Duk abin da na daɗe ina roƙo, wanda na cika muku kunne da shi a shafin nan, ga shi a gabana, kalma huɗu ce tsakanina da shi: ka zo ranar Litinin. Na buɗe baki in faɗa. Ya tsaya yana jira, ya ba ni lokaci har ya yi yawa. Maganar ta ƙi fita.

Sai ya gyara igiyar jakarsa ya ce, "Kujerarki ce. Kin riga ni, guminki ne a wurin. Ba zan zo ba."

"Abba fa?"

"Zan ci gaba da nema."

To ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan, abin da ban gaya wa Umma ba, ban gaya wa ko ƙawa ɗaya ba, sai ku da ba ku san fuskata ba. Da ya ce ba zai zo ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina tun kafin kunya ta iso. Allah ne shaidata ina son mutumin nan, ban taɓa son sa kamar a ɗakin ganawar nan ba, amma daɗi na ji. Ina kuma jin ya gani a fuskata, don ya kawar da kai ya shiga duba takalminsa.

A daidai nan wayata ta ɗauki ƙara. Abba ne, mutumin da bai taɓa kirana a lokacin aiki ba. Mai Jaka ya ga sunan a fuskar wayar, ya ce a hankali, "Ɗauki."

Na ɗauka. Muryar Abba a sake take, har da 'yar dariya a ciki, irin wadda rabona da ji tun ranar da na gama makaranta.

"Gwaggonki ta ce mini an gama komai, an ɗauki yaron. Na ce ba zan yarda ba sai na ji daga bakinki. Haka ne?"

Mai Jaka na tsaye a matakalar da ke ƙasa da tawa, jaka a baya, yana kallon bakina.